Jirgin da Ke Kiran Ya'u

A bayan wani sito da ke Khumra, can kudancin Jidda inda babu komai sai manyan motoci da warin gas, akwai wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. Ba don mutum aka gina shi ba. Jiragen ƙasa na wasa aka gina wa, ƙanana, kowane kan jirgi bai wuce tsawon tafin hannu ba, suna ta zagaya wani shirgegen teburi da aka yi wa duwatsun roba da bishiyoyin soso da 'yan shanun da ba sa cin ciyawa. Na'urar sanyaya ɗakin ba ta hutawa, wai don kada layin dogon ya yi tsatsa. Leburorin da ke sauke kaya a siton kuwa bango ɗaya ne tsakaninsu da wannan sanyi, suna can suna jiƙewa da gumi. Mai kula da jiragen nan shi ne Ya'u.

A katin iƙama, wato takardar izinin zama, sunansa Zakariyya Hussaini, kuma da shi kusan kowa ke kiransa a Jidda. Ya'u sunan gida ne, na Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tuƙe. Mahaifinsa, Malam Hussaini, leburan reluwe ne har ƙarfinsa ya ƙare, gidansu kuma dab da layin yake, in jirgi zai wuce har kwanukan ɗaki sai sun yi rawa. Ya'u ya koyi gyaran rediyo a Gusau, ya zo umra yana saurayi, ya laɓe bai koma ba, kamar dubban irinsa. Ya yi shekara da shekaru a wani lungu a Sharafiyya yana gyaran rediyo, daga baya wayoyi, ido ɗaya a kan dalma, ido ɗaya a kan titi. A nan ya auri Ruƙayyatu, wata Bakatsiniya mai sayar da ƙosai, mace mai kaifin harshe da taushin zuciya.

Wata rana wani mutum ya tsaya da doguwar mota a bakin lungun, ya fito rungume da ɗan jirgin wasa kamar mai kai jariri asibiti. Ya'u ya gyara masa shi a tsaye. Mutumin shi ne Bandar, mai siton Khumra. Shekarar da aka yi sassauci aka gyara wa mutane takardu, shi ya zama kafilin Ya'u, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, wanda Ya'u ke kira Mudir. Bandar ba mugu ba ne, in dai mugunta ita ce duka da zagi. Mutum ne da aka haifa a ƙoshe, gemunsa ya fara furfura, amma har yau in sabon jirgi ya iso a kwali sai ka ga yana tafi yana karkarwa. Bai taɓa hana Ya'u haƙƙinsa ba. Bai kuma taɓa tambayarsa ko yana da iyaye ba.

Ainihin aikin Ya'u shi ne sa wa jiragen murya. Akwai wani ɗan allon lantarki da ake kira dikoda, girmansa kamar farcen babban yatsa. Ana buɗe cikin kan jirgin a dasa shi, a haɗa masa wayoyi sirara kamar gashi da wata lasifika da ba ta fi maɓallin riga ba. Sai a ɗora jirgin a kan wani guntun layi da ke haɗe da kwamfuta, a ɗura masa sauti: rurin inji, ƙarar birki, jiniya, ƙararrawa. Kowane sauti da madanninsa a jikin rimot. Hali ɗaya dikoda take da shi, abin da aka zuba mata ba ya fitowa. Masu ƙera ta sun toshe hanyar don kada a sace musu sauti. Kana iya goge abin da ke ciki ka zuba sabo, amma ba ka iya kwaso shi ka mayar kwamfuta. Ya'u ya san wannan kamar yunwar cikinsa.

Hannunsa ya iya aikin, zuciyarsa ce ba ta taɓa yarda da shi ba. Ubansa ya ɗauki ƙarfen dogo na gaske a kafaɗa har kafaɗar ta yi kanta, shi kuma ga shi da ɗan burushi yana kakkaɓe wa shanun roba ƙura. In mutanen gida suka tambayi Ruƙayyatu me mijinta yake yi, sai ta ce aikin lantarki, ta canja zance. To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk ranar Juma'a bayan la'asar abokan Bandar suke taruwa a ɗakin. A shimfiɗa musu ledar cin abinci, a dire tiren shinkafa da rabin rago, su tona tsakiya su bar saura, su tashi da maiƙo a yatsu su hau danna rimot. Manyan mutane, masu jikoki, suna musu da jijiyar wuya a kan jiniyar wa ta fi zaƙi. Wanda ya fi kowa hayaniya a cikinsu shi ne Badr, wani mai tumbi da ke dariya da abinci a baki. Ranar nan Ya'u ke zuba gahawa, shi ke kwashe ƙasusuwa, shi ke goge sawun maiƙo daga jikin taragai bayan an watse.

Baki shi ke yanka wuya. Wata safiya sabon kan jirgi ya iso, kore, irin mai amfani da gas. Bandar ya sa aka ɗura masa sautin da ya saya daga Turai, ya danna jiniya, ya juyo yana jiran yabo. Ya'u ya taɓe baki bai san ya taɓe ba.

"Me ya faru, ya Zakariyya?" in ji Bandar.

"Mudir, wannan ai ba kukan jirgi ba ne. Na gaske in ya yi kuka har a ƙirji kake ji. Ina da shi a kaset, na garinmu."

Bandar ya zaro ido. "Na Afirka? Na asali? Babu wanda ke da shi a duk Jidda! Yalla, gobe ka kawo."

Kaset ɗin nan yana da tarihi. Kafin waya ta kai Ƙaura, in za a yi wa na Saudiyya saƙo, rikoda ake ajiyewa a tsakar gida, kowa ya zo ya durƙusa ya faɗi nasa, a ba wani alhaji kaset ɗin ya kai. Wanda ke wurin Ya'u shi ne na ƙarshe da aka aiko. Ya'u kuwa ɗan fari ne, don haka tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. "Kai" ne, ko "yaron nan", in ana cigiyarsa kuma "ina wancan yake?" Haka kunya ta gada, ba wanda ya ga laifi. A kaset ɗin Malam Hussaini, da muryar mai jinya, ya yi zancen damina da gero da katangar da ta faɗi. Yana cikin magana jirgin kaya ya tunkaro. Tsohon ya yi shiru don ya ba shi hanya, yadda ya saba duk rayuwarsa. Jiniya ta tashi, ƙafafun ƙarfe suka yi ta dukan layi har suka yi nisa. Da wurin ya lafa, sai tsohon ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Ya'u." Ya ɗan dakata. "Ya'u, kana jina?" Daga nan kaset ya ƙare.

Kafin wani aikin hajjin ya zagayo Malam Hussaini ya rasu. Ya'u ba shi da takarda a lokacin, in ya fita ba dawowa. Bai ga gawa ba, bai samu salla ba, bai zuba ƙasa ba.

Wannan kaset ya ɗauko daga ƙasan akwati, don kawai a ce jirgin garinsu ya fi na Turawa kuka. Raɓar Jidda ta riga ta sa zaren ya yi danƙo. Tsohuwar rikodar da ya aro ta juya shi da ƙyar, sautin ya shiga kwamfutar Bandar, amma yana kaiwa ƙarshe ta tauna zaren ta tsinka shi gutsi-gutsi. Ya'u ya yi salati, sannan ya yi hamdala tunda ga shi a kwamfuta. Ya yanko kukan jirgin kaɗai ya ɗura wa koren jirgin. Da aka danna jiniya sai da Bandar ya dafe kai. Sauran maganar tsohon ya bar ta nan a kwamfutar, da niyyar gobe zai juye ta a wayarsa. Goben ta zo da wani aikin, jibi ma haka.

Bandar kuwa mutum ne mai son taɓe-taɓe. Ya zauna shi kaɗai ya saurari fayil ɗin har ƙarshe, ya ji kiran, ya tuna ya taɓa jin wani lebura ya kira Zakariyya da wannan sunan. Ya yanko shi, ya ɗora a madanni na tara, ya sake ɗura wa jirgin, bai gaya wa kowa ba.

Ranar Juma'a Ya'u yana ɗan kicin yana juye gahawa a buta, sai ya ji daga ɗakin jirage, "Ya'u. Ya'u, kana jina?"

Bai yi tunani ba, jikinsa ne ya amsa. Butar ta suɓuce. "Na'am, Baba!" Ya fito a guje, ya isa ƙofa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya yadda ake yi wa uba, kafin hankalinsa ya riske shi. Da ya ɗaga kai, sai ga koren jirgi yana wucewa ta gaban shanun roba, ga Bandar riƙe da rimot, ga mutane jere suna kallonsa.

Ɗakin ya fashe da dariya. Badr ya yi ta buga cinya, shinkafa na tsalle daga bakinsa tana sauka a ƙirjin farar rigarsa. "Wallahi ya durƙusa! Ƙara, ya Bandar, ƙara!" Aka ƙara. Ya'u ya miƙe a hankali, ya koma ya goge gahawar da ta zube.

Washegari ya sami Bandar shi kaɗai.

"Mudir, muryar nan ta mahaifina ce. Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Bandar, har da dafa masa kafaɗa. "To ai karramawa ce, ya Zakariyya! Babanka yana cikin jirgin da ya fi kowanne a teburin nan. Wa ya samu haka?"

Abin takaicin shi ne da gaske yake. Ya'u ya dubi fuskarsa ya nemi mugunta bai samu ba, sai santsi kawai. Ya so ya bayyana masa cewa sau ɗaya tak tsohon ya taɓa faɗin sunan nan, amma ta ina za ka fara da mutumin da ke kiran 'ya'yansa da sunan wasa yana yi musu cakulkuli? Sai ya ce, "To a ba ni fayil ɗin in juye a wayata."

"Wane fayil? Au, na tsohuwar kwamfuta? Na ba da ita an wanke, na sayi sabuwa. Halas. Ai yana cikin jirgin, me ka rasa?"

Ya'u ya fita ya tsaya a rana cikin ƙurar motoci. Kaset ya tsinke, kwamfuta an wanke ta. Abin da ya rage na muryar Malam Hussaini a duniya yana cikin ɗan allon da ba a kwaso abin da ke cikinsa. Shi kuma da hannunsa ya kawo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Daga ranar madanni na tara ya zama ƙararrawar kiran bara. A ƙaro gahawa, a danna. Ƙashi ya faɗi ƙasa, a danna. Baƙo ya zo a nuna masa abin mamaki, a danna, a yi tsit a jira. Ya'u ya yi rantsuwa ba zai ƙara amsawa ba, ya cije leɓe har ya ji gishirin jini, amma duk lokacin da muryar ta fito sai "na'am" ta kuɓuce masa, ko a ciki-ciki. Yaya ɗa zai ji ubansa na kira ya yi shiru? Su kuma wannan 'yar zaburar da kafaɗarsa ke yi ita suke jira.

Akwai abin da ya fi wannan ƙona masa rai. Da safe, in yana shara shi kaɗai, sai ya waiga, ya ɗauki rimot ya danna da kansa. Ya tsaya da tsintsiya a hannu ya saurara. Har ya kama kansa yana ɗokin Juma'a ta zo, don ranar ake yawan danna shi. Da ya gane haka sai ya ji ƙyamar kansa ta fi ta Badr.

Ya gwada dabara. Ya kara wayarsa a jikin jirgin ya naɗi muryar, ya kai gida Sharafiyya ya kunna wa Ruƙayyatu tana tsame ƙosai. Abin da 'yar lasifikar ta ba wayar wani siririn ƙara ne cakuɗe da rurin inji da hucin na'urar sanyi. Ya sake naɗa sau da yawa, duk kanwar ja ce.

Ruƙayyatu ta saurara da matsami a hannu, ta girgiza kai. "Malam, wannan ai gyare ne, ba mutum ba."

"A can yana fita sosai," in ji shi. "In kina kusa da jirgin, wallahi kamar yana zaune."

"To sai me?"

"In na goge, shi ke nan. Ba ni da shi kuma."

Ta ajiye matsamin ta juyo. "Bari in tambaye ka. Da yana raye aka ɗaure shi a kasuwa, yara na tsokanarsa ya yi magana ana dariya, za ka bar shi nan don ka riƙa zuwa kana ganinsa?"

Ta ci gaba, muryarta ta sauko. "Ni ban san shi ba. Amma mutumin da ya riƙe sunanka a baki tun kana tsumma bai furta ba sai da ya ga tafiya ta zo, ba don masu maiƙo a hannu ya furta ba."

Ya'u ya tashi ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya ci gaba da haɗiyewa har wasu Juma'o'i suka wuce.

Sai ranar da Badr ya gano cewa in aka yi ta danna madannin da sauri, muryar na sarƙewa. "Ya, Ya, Ya, Ya'u." Ya mayar da ita kiɗa, yana dannawa yana girgiza tumbi, sauran na tafi. Ya'u na tsaye da tire yana kallon tsohon da bai taɓa ɗaga murya ba an mai da shi mai in'ina. Ana cikin haka Bandar ya ɗaga hannu ya yi shela: an gayyace su baje kolin jiragen wasa a wani babban kanti, kuma koren jirgi ne zai shige gaba. "Za mu ajiye rimot a fili, kowa ya danna. Zakariyya zai tsaya a gefe. Za a sha dariya!"

Ana saura kwana kaɗan a tafi, da safiyar Juma'a, Ya'u ya zo da wuri. Ya yi alwala a famfon leburori. Ya ɗauko koren jirgin, ya goge masa sawun yatsu da gefen rigarsa, ya ɗora shi a guntun layin da ke haɗe da kwamfuta. Ba a cire sauti ɗaya a bar saura, sai dai a share duka a zuba wani. Wato har jiniyar Ƙaura za ta tafi, da dukan ƙafafun ƙarfe, da shirun da tsohon ya yi ya ba jirgi hanya.

Ya kashe na'urar sanyi, ɗakin ya yi tsit. Ya cire takalmi ya durƙusa, ya danna na tara.

"Ya'u. Ya'u, kana jina?"

"Na'am, Baba. Ina jinka. Ka yafe mini."

Ya daɗe a durƙushe. Ya yi masa addu'ar da ake yi a bakin kabari, ya shafa. Sannan ya miƙe ya zaɓi sautin Turawan nan da ya taɓe wa baki, ya danna. Wani koren layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfutar. Ya tsaya a kansa bai ɗauke ido ba har ya kai ƙarshe, ya mayar da jirgin mazauninsa, ya kunna musu sanyinsu.

Bayan la'asar aka hallara. Badr ya zo da wani sabon baƙo, tun daga ƙofa yake ce masa yau zai ga abin da bai taɓa gani ba. Aka ci aka tona tsakiyar tire. Bandar ya ɗauki rimot, ya ƙyafta wa baƙon ido, ya danna na tara.

Ba abin da ya fito. Jirgin ya wuce ta gaban shanun roba yana ɗan rurinsa.

Ya sake dannawa. Ya girgiza rimot ɗin, ya buga shi a tafin hannu. Badr ya fizge ya danna da babban yatsa mai maiƙo sau ba adadi. Ya'u na tsaye a bakin ƙofa da butar gahawa, kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Dole Bandar ya buɗe baki ya yi kira da kansa. "Ya Zakariyya! Zo ka duba, abin nan ya lalace."

Ya'u ya ƙaraso, ya cika wa baƙon kofi, ya ajiye butar a hankali.

"Bai lalace ba, Mudir," in ji shi. "Mai maganar ne ya rasu. Yau da safe na binne shi."